Neman shawara: wata huɗu Baba shina shan maganin olsa, yanzu tuwo ya daina wucewa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Don Allah likitocin da ke cikin wanga zaure ku ba ni shawara kan mahaifinmu. Shekarunshi 61, manomin albasa ne can wajen Wurno. Wata huɗu ke nan da yaf fara kukan zahin ƙirji da ciwo ta saman cibiya. Munka kai shi kemis, anka ce olsa ce, anka ba shi omefirazol da wani farin magani na kwalba. Ya ji dama-dama kamar sati biyu, ciwo yad dawo.

Wata biyu da sunka wuce nama yaf fara tsaya mai a ƙirji, sai ya kora da ruwa. Daga nan sai tuwo. Yanzu hura da kunu kaɗai ka wucewa, su ma wata rana su dawo. Da kilo 63 gare shi, jiya anka auna shi 52. Bayan gidanshi baƙi ne ƙirin, ga wari. An yi mai sikanin ciki an ce ba a ga komi ba. Gwajin jini ya nuna PCV 24, wato jininshi ya yi ƙasa, kuma an ce an ga ƙwayar olsa. Ya sha sigari kusan shekara talatin amma ya bari. Shayi kuwa in ba shi ƙona baki ba ya sha. Shina kuma shan daikolofenak don ciwon baya.

Wani ma'aikacin lahiya yac ce mu kawo shi Sakkwato a saka mai kyamara ta baki. Inna da baffanninmu ba su so, sun ce in daji ne bai kamata ƙarfe shi taɓa shi ba. Mi kuka gani? A canza maganin olsar a ƙara gwadawa, ko mu taho?

Likitan ciki da hanji:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ku taho, kuma cikin satin nan. Kar a ƙara sayen wani maganin olsa ana jiran a gani.

Olsa ba ta hana loma wucewa. Idan abinci ya fara tsayawa a ƙirji, nama tukuna, sannan tuwo, sannan kunu, to akwai abin da ke matse bututun abinci, wato hanyar da ta taso daga maƙoshi ta sauka tumbi. Tsawon bututun nan kamar santimita 25 ne, kuma yana da talewa sosai, shi ya sa mutum ba ya fara jin tsayawar abinci sai faɗin hanyar ya ragu zuwa wajen milimita 13. Kafin a ji alama, abin ya daɗe yana girma. Ka haɗa da ramar kilo 11, da baƙin bayan gida wanda jini ne da ya narke a ciki, da PCV 24, da shekara 61. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a saka kyamara, balle sun taru.

Ban ce daji ne ba. Akwai tabon da ƙwannafi na shekaru ke bari ya tsuke hanya, akwai ciwon da ke hana ƙofar tumbi buɗewa, akwai tabon shan sodar sabulu, har tarin fuka yana iya taɓa wurin. Amma a mai shekarun Baba da waɗannan alamomi, daji ake sa wa a gaba har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Sikanin da aka ce ba a ga komai ba kar ya kwantar muku da hankali. Na'urar da ake gogawa a fatar ciki tana ganin hanta da ƙoda da matsarmama, amma iska ce cike da tumbi, kuma ba ta gani ta cikin iska. Bututun abinci kuma yana bayan ƙashin ƙirji. Hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan bariyom yana nuna wurin da ya tsuke, sai dai ba ya faɗin mene ne ya tsuke shi. Endoskofi, wato kyamarar nan ta baki, kaɗai ke gani da ido ya kuma ɗebo nama.

Ga yadda ake yi. Ku karɓo takardar turawa daga likitan da ya gan shi, ku je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani wurin da ke da na'urar da kuma likitan da ya iya. A rubuta a takardar cewa abinci ba ya wucewa, ya rame, yana zubar da jini, don kar a ba ku rana mai nisa. Ba ci na awa 6 zuwa 8 kafin aikin. Tunda shi abinci na taruwa a saman wurin, gara ya wuni kan abu mai ruwa-ruwa tun jajibiri. In yana da haƙoran roba a cire. In yana shan asfirin ko maganin tsinka jini ko na suga, a faɗa tun ranar karɓar lokaci. Za a fesa masa maganin kashe maƙogwaro, wani lokaci a ƙara da allurar da ke sa gyangyaɗi. Kaurin tiyon bai wuce ɗan ƙaramin yatsa ba, kuma ba ta hanyar numfashi yake bi ba, saboda haka zai yi ta numfashinsa. Minti 10 zuwa 15 an gama. Kar ya ci ko ya sha sai bayan kamar awa ɗaya, lokacin da maƙogwaron ya farfaɗo, in ba haka ba zai shaƙe. In an yi masa allurar, ba tuƙin babur ranar.

Daikolofenak kuwa a daina yau. Shi da ibufurofen da asfirin suna ƙara zubar jinin. A ba shi farasitamol na ruwa ko mai narkewa. In ya yi aman jini, ko jiri ya kayar da shi, ko ya kasa haɗiye yawunsa, ba jiran ranar kyamara, sashen gaggawa kai tsaye.

Mai binciken nama a ɗakin gwaji:

Kan maganar su Inna, a yi musu bayani da ladabi, don tsoronsu yana da inda ya samo asali. Sun ga mutanen da aka kai asibiti aka taɓa su suka rasu ba da jimawa ba. Abin da ba su gani ba shi ne yawancin waɗannan an kai su ne bayan ciwon ya gama bazuwa. Naman da ake gutsurowa bai fi ƙwayar dawa ba, milimita 2 zuwa 3, kuma daga saman ciwon ake ɗauka, inda abinci ke goga kullum. Ba ya watsa daji. Bangon cikin ba ya jin zafin yanka, Baba ba zai ma san lokacin da aka ɗiba ba.

Inda aiki ke lalacewa shi ne tsakanin ɗakin kyamara da ɗakin gwaji, kuma sau da yawa hannun ɗan mara lafiya ake damƙa wa kwalbar. A kula da waɗannan. A ɗebo gutsure 6 zuwa 8 daga gefunan ciwon, domin tsakiyarsa yawanci ruɓaɓɓen nama ne da ba ya nuna komai. A jefa su nan take cikin ruwan fomalin, maganin adana nama, mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka naman kamar sau goma. Ba ruwan famfo ba, ba ruwan gishirin ƙarin ruwa ba. Kar a sa a firiza, ƙanƙara na farfasa naman. Kar a bar kwalbar a mota cikin ranar Sakkwato ana zagayen neman kuɗi, a miƙa ta ranar. A duba suna da lambar kati a jikin kwalbar su zo daidai da na takarda.

Sakamako kan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu. Ku karɓi lambar gwajin ku riƙa bibiya. Idan ya fito cewa ba a ga daji ba alhali likitan ya ga abin da bai yarda da shi ba, a sake ɗiba, kar a tafi gida ana murna. Akwai irin dajin tumbi da ke bi ta ƙarƙashin fatar ciki ya sandarar da bango, sama kuma lafiya lau. Sannan ku tambaya a adana dunƙulen kakin da aka daskarar da naman a ciki. Gaba za a iya buƙatarsa don ƙarin gwaji, ko in za ku koma wani asibiti a Zariya ko Abuja.

Mai haɗa magunguna:

Ni kan “ƙwayar olsa” zan tsaya, don ita ce ke ɓatar da mutane da yawa. Sunanta Helikobakta failori. Wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin tumbi. Tana shiga tun yarinta, ta ruwa da abinci da cuɗanyar gida, ta zauna shekaru tana cin bangon tumbi a hankali. Amma a Arewacin Najeriya mafi yawan manya suna ɗauke da ita, kuma cikin ɗari masu ita ɗaya zuwa uku ne ke kaiwa ga daji. Ganinta a jinin Baba bai bayyana tsayawar tuwo ba. Gwajin jini ma ba ya bambance mai ita yanzu da wanda ya rabu da ita shekarun baya. Na bayan gida ko na numfashi su ne abin dogaro, da sharaɗin an bar omefirazol sati biyu, an bar maganin kashe ƙwayoyin cuta sati huɗu.

Omefirazol ba mugun magani ba ne. Laifinsa ɗaya, yana kwantar da zafi ko da daji ne ke ƙarƙashi, har ya ɗan rufe saman gyambon. Jiƙon kanwa ma haka yake yi wa ƙwannafi. Ƙa'ida mai sauƙi ga mai kemis da mai saye: wanda ya haura shekara 45 zuwa 50 ya fara sabon ciwon ciki, ko ya sha maganin olsa sati 4 zuwa 8 bai warke ba, likita zai gani, ba sabon kwali ba.

Abubuwan da ke jawo dajin bututun abinci da na tumbi kuwa sun ɗan bambanta. Na sama da tsakiyar bututun abinci, wanda ya fi yawa a Afirka, sigari da giya ne kan gaba, sai abin sha mai tsananin zafi. A 2016 hukumar nan ta ce shan abin da ya haura digiri 65 mai yiwuwa ne yana jawo shi. Ba shayin ne matsala ba, ƙunar ce ta kullum. A bar kofi ya huce minti huɗu ko biyar, koko da kunu ma haka. Na ƙasan bututu, kusa da ƙofar tumbi, ƙwannafi na shekaru da ƙiba da taba ke haifar da shi. Na tumbi kuma ƙwayar nan ce, da yawan gishiri, da yawan cin kyafaffen nama da kifi da wanda aka adana da gishiri, da ƙarancin ganye da 'ya'yan itace, da gado. Gishirin da aka yarda wa babba a wuni bai kai giram 5 ba, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi yana cikin lissafi.

Ina ganin a tsayar da omefirazol ɗin sati biyu kafin kyamara don a ga ciwon yadda yake.

Likitan ciki da hanji:

Malam, a nan kaɗai zan saɓa maka. Ga wanda ba ya zubar da jini maganarka daidai ce. Baba jininsa 24 kuma bayan gida baƙi. Ya ci gaba da sha, a faɗa wa mai kyamarar yana kai, kar a ɗage aikin ko da kwana ɗaya saboda wannan. Abin da ya toshe hanya har tuwo ya kasa wucewa, omefirazol ba zai ɓoye shi ba. In ƙwayar ba ta haɗiyuwa akwai mai narkewa a ruwa, a tambayi mai magani. Mai yiwuwa ma a ƙara masa jini kafin a taɓa shi, ku zo da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya bayarwa.

Ma'aikaciyar jinya, ɓangaren abinci:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Kafin sakamako ya fito akwai aikin da ke hannunku, shi ne ciyar da shi. Da yawa ba ciwon ke hana a yi musu magani ba, rama ce. Likita zai duba ya ga jikin ba zai ɗauki kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ko tiyata ba.

Mai kilo 52 yana buƙatar kalori wajen 1,500 zuwa 1,600 a wuni, da furotin giram 60 zuwa 75. Tsinkakken koko kofi uku bai kai rabin haka ba. Dabarar ita ce a cusa ƙarfi cikin ɗan abin da ke wucewa. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne. Madarar gari mai maiƙo cokali huɗu ta kai 150, da furotin kamar giram 7. Ƙwai ɗaya giram 6. To, kowane kofin kunun gyaɗa ko na gero a zuba masa madara cokali huɗu da mai cokali ɗaya. A fasa ƙwai cikin kunu yana kan wuta a kaɗa har ya nuna, ba ɗanye ba. A dafa wake ko waken suya ya yi laushi, a cire ɓawo, a markaɗa da romo. Nama da hanta da kifi a dafa su luguf a niƙa a bilenda, a tace da rariya. Fura a dama ta sosai da kindirmo a tace, gudaji ɗaya ya isa ya toshe ɗan ramin da ya rage. Burodi, tsire, kilishi, zogale mai kara, lemu mai zare, duk a ɗaga musu ƙafa.

Rabin kofi zuwa kofi ɗaya duk bayan awa biyu, sau bakwai ko takwas a wuni. A zaune tsaf, ba a kishingiɗe ba, ya kuma zauna minti 30 zuwa awa ɗaya bayan ya gama. Da dare a ɗaga kan gadon. A auna shi sau ɗaya a sati da ma'auni ɗaya, a rubuta.

Abu biyu na sa a garzaya asibiti. In duk kurɓar da ya yi sai tari ya turnuƙe shi, ana tsoron abincin na ratsawa hanyar iska. In kuma ya yi kwana biyar ko fiye kusan ba ya cin komai, kar a ɗura masa da yawa rana ɗaya. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi farat ɗaya, gishirin jini na faɗuwa har ya taɓa zuciya. Irin wannan a gadon asibiti ake fara ciyar da shi, kaɗan-kaɗan, ana gwada jini.

Mai tambaya:

Allah shi saka muku da alheri. Na karanta ma su Inna bayanin ƙwayar dawa, sunka yarda. An ƙara mai jini leda biyu, anka yi kyamarar. An ga ƙari santimita 39 daga haƙora, daidai inda bututu yah haɗu da tumbi, ya ɗan shiga tumbin. Yau sakamako yaf fito, an rubuta adenokasinoma, wani irin daji. An ce mu yi siti sikan. Likita, shi ke nan an gama ko akwai abin yi? Kuma wani yac ce a sa mai ƙarfen da ka buɗe hanya.

Likitan ciwon daji:

Allah ya sa kaffara ne, ya ba ku juriya. Ba a gama ba. Sunan ciwon kawai aka sani yanzu, ba a san inda ya kai ba, kuma inda ya kai shi ke yanke irin maganin.

Siti sikan ɗin ya zama na ƙirji da ciki har mara, da allurar da ke haska jijiyoyi. A gwada ƙoda tukuna, don allurar na wahalar da ƙodar da ta bushe, kuma mutumin da ba ya shan ruwa sosai tasa a bushe take. Ana duba zurfin ƙarin a bango, da kaluluwar da ke kewaye, da hanta da huhu. Likita zai kuma taɓa ramin da ke saman ƙashin wuya na hagu, nan kaluluwar dajin ciki kan fito. Siti ba ya ganin ƙananan ƙwayoyin da suka watsu a rigar ciki, shi ya sa kafin babbar tiyata akan leƙa da kyamara ta ɗan rami a cibiya.

In bai bazu ba, ana neman warkewa ne, kuma ba da wuƙa ake farawa ba. Tsarin da ya fi ƙarfi ga irin na Baba ana ce masa FLOT, magunguna huɗu ta jijiya duk sati biyu, zagaye huɗu kafin tiyata, huɗu bayanta. Ɗaya daga ciki awa 24 yake ɗauka yana shiga. Tiyata na biyo baya da sati 4 zuwa 6. Wata hanyar ita ce gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, sau 23 cikin kusan sati biyar, tare da kaboflatin da faklitaksel sau ɗaya a sati, sannan tiyata. Wani babban bincike na Jamus da aka bayyana a 2024 ya nuna FLOT ya fi ga adenokasinoma. Da irin na tsakiyar bututu ne, gashi da kemo ne kan gaba, wani lokaci ma ba tiyata. Sai dai FLOT na son mai ƙarfi, wanda ke tashi ya yi alwala ya je masallaci da ƙafarsa. Wanda ƙarfinsa bai kai haka ba, amma bai kai ga wuni a kwance ba, magani biyu ake ba shi, okzaliflatin da kafesitabin duk sati uku. Kafesitabin ƙwaya ce, ana sha kwana 14 a huta 7, kuma ba a daka ta a gida. In ba ta wucewa a faɗa, akwai madadinta ta jijiya.

In ya bazu zuwa hanta ko huhu ko rigar ciki, gaskiya ita ce tiyata ba za ta warkar ba. Kemo na rage ƙarin, ya buɗe hanya, ya ƙara lokaci. A nan ake ɗauko dunƙulen kakin nan a gwada HER2, wata alama da ke jikin ƙwayoyin wasu dajin. In ya nuna, ana ƙara allurar tarastuzumab.

Kafin zagayen farko a gwada ciwon hanta nau'in B. Yana da yawa a yankinmu, kuma kemo na tayar da wanda ke kwance, alhali ƙwaya ɗaya a rana na tare shi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura sojojin jini ke faɗuwa. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a lokacin ba na kemis ba ne, ba a cewa maleriya ce a jira safiya. Ku sayi ma'aunin zafi. Okzaliflatin kuma ba ya shiri da sanyi: ruwan firij ko ƙanƙara na sa maƙogwaro ya shaƙe, yatsu su yi kamar lantarki, na wasu kwanaki bayan allura. Ko ana zafin Afrilu, ruwan da ba shi da sanyi zai sha, da hunturu kuma alwala da ruwan ɗumi. Nonon da ba a tafasa ba a bar shi har a gama.

Kuɗi kuwa, ku nemi a rubuta muku kiyasin dukan zagayen tun farko. Abin da ya fi ɓarna shi ne a sayar da gona a yi biyu a tsaya. Ku je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, ku kuma kai takardar likita Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha.

Likitan tiyata:

Kan ƙarfen buɗe hanya, ku dakata har siti ya fito. Raga ce ta ƙarfe da ake sakawa ta kyamara, ta buɗe cikin kwana ɗaya ko biyu, mutum ya koma cin abu mai laushi. Tana da amfani ƙwarai ga wanda ba za a yi wa tiyata ba. Amma a bakin tumbi tana yawan zamewa ƙasa, tana barin ƙofa a buɗe ruwan tsami ya yi ta tasowa, kuma tana ɓata wurin da za a yanka. In ana sa ran tiyata kuma kunu ya daina wucewa, gara siririn tiyo ta hanci, ko a sa tiyon ciyarwa a ƙaramin hanji. Kar a huda tumbin kansa, domin da shi za a ƙera sabon bututu. Sau da yawa ma bayan zagaye ɗaya ko biyu na kemo hanyar na buɗewa da kanta.

Aikin iri biyu ne, ya danganta da inda ƙarin ya fi nauyi. In ya fi hawa sama, a cire ƙasan bututun da saman tumbi, a naɗe sauran tumbin kamar tiyo a ja shi cikin ƙirji a ɗinke. Wannan ciki da ƙirji ake buɗewa. In ya fi sauka, a cire tumbin duka a jawo ƙaramin hanji a haɗa da bututun. Kowanne aka yi, sai an kwashe kaluluwar da ke kewaye, a ƙirga aƙalla 15 a gwaji. Ku tambayi likitan sau nawa suke irin wannan aiki a shekara, kuma akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman ranar. Ba rashin kunya ba ne. In sun ce a tafi wani asibitin koyarwa, a tafi.

Abin da ake tsoro a satin farko shi ne ɗinkin ya yi yoyo, alamarsa zazzaɓi da bugun zuciya da sauri, sai kuma ciwon huhu. Tun yanzu ya riƙa tafiyar minti 20 zuwa 30 safe da yamma, yana jan dogon numfashi.

Mutum na rayuwa ba tumbi. Ci ne ke canzawa: ɗan kaɗan sau shida zuwa takwas, ruwa daban da abinci da tazarar rabin awa. Abu mai zaƙi, kamar shayi mai suga da yawa ko lemun kwalba, yana faɗawa hanji kai tsaye, cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi da jiri da murɗa da zawo. Wani kuma sai bayan awa 1 zuwa 3 sugansa ya faɗi ya kama rawar jiki. Wanda aka cire wa tumbi duka zai riƙa karɓar allurar bitamin B12 har ƙarshen rayuwa, wata-wata ko duk wata uku gwargwadon irin allurar, domin tumbi ne ke samar da abin da ke sa jiki ya tsotse shi. In aka manta, bayan shekara biyu ko uku jini ya ƙare, ƙafafu su mutu. Azumi kuma ba nasa ba ne a wannan shekarar.

Mai tambaya:

Mun gode ƙwarai. Saura biyu. Mu ɗiyanshi tara, akwai gwajin da ya kamata mu yi? Sannan ciwon na hana shi kwana, farasitamol ba ya yi, amma ya ji an ambaci mofin yac ce shi ba ya shan ƙwaya.

Likitan ciwon daji:

Ciwon ba ya yaɗuwa ta kwano ko kofi, ku ci tare da shi. Wanda mahaifinsa ya yi dajin tumbi haɗarinsa ya kai kamar ninki biyu na sauran mutane, saboda haka manyanku su yi gwajin Helikobakta na bayan gida. Wanda aka samu ya sha maganin kwana 14 cif, haɗin omefirazol da magungunan kashe ƙwayoyi biyu ko fiye da likita zai zaɓa, ya sake gwaji bayan sati huɗu da gamawa don a tabbatar ta mutu. Barin sa a kwana biyar don baki ya yi ɗaci shi ke sa ta ƙi jin magani. Mai shan sigari ko shisha a cikinku ya bari. In akwai wani a dangi na kusa da ya yi irin ciwon, musamman kafin shekara 50, ku faɗa wa likitan Baba, don lokacin za a yi maganar saka muku kyamara ku ma.

Mofin kuma, ku ce wa Baba ba irin ƙwayar da yake gani a hannun yara ba ce. Magani ne da likita ke aunawa, akwai na ruwa da ya dace da mai wahalar haɗiya. Ana farawa da kaɗan, duk awa huɗu bisa agogo, ba sai ciwo ya taso ba, a riƙa ƙarawa har ya samu barci. Tashin zuciya da gyangyaɗin kwanakin farko suna wucewa. Taurin bayan gida ne ba ya wucewa, don haka ranar da aka rubuta mofin a rubuta maganin sassauta ciki tare. A ajiye kwalbar inda jikoki ba sa kaiwa. Ranar da za ku kai sakamakon siti, ku riƙe takardar kyamara da ta gwajin nama da faifan hoton kansa, ba rahoton kaɗai ba, ku kuma shiga da Baba da babban wansa ko ƙanensa, ya ji daga bakin likita ya yi tambayarsa da kansa.